Keken Ɗinkin Auta

Ƙarfe shida saura kwata na safiyar Larabar, Mama ta ji an buɗe famfo da ƙarfi a bayan ɗakinta, ta san Auta ya tashi. Shekararsa talatin da huɗu, amma bai taɓa koyon buɗe famfo a hankali ba. Shida da rabi ya shimfiɗa tawul a kan teburin cin abinci yana gugar kakinsa, abin da ta yi ta hana shi tun yana sabon ɗauka. Gandiroba ne, sai dai ba irin masu yawo da makullai a ƙugu ba. Malamin ɗinki ne a gidan yarin garin, yana da fursunoni goma sha takwas da kekuna goma sha ɗaya, uku daga ciki matattu.

Ƙarfe bakwai suka zauna shan shayi. Ya buɗe baƙin littafinsa kusa da kofi, wanda yake rubuta sunan duk wanda ya bi ta ajinsa aka sallame shi, da ranar fitarsa, da ranar dawowarsa in ya dawo.

"Mama, an dawo min da ɗaya jiya. Wata bakwai kacal."

"Me ya ɗauka?"

"Batirin mota."

"Madalla. Ka koya masa ɗinki, ya fita ya ɗinke batir."

"Ya fita ba keke, ba shago, ba mai ba shi ko maɓalli ya sa. Ai a ƙasar nan da na je..."

"Mun shiga uku," in ji Mama. "An fara ƙasar da na je. Sha shayinka kafin ya huce."

Bakwai da minti ashirin aka ƙwanƙwasa ƙofar gida sau biyu. Ba ta tambayi ko wane ne ba, don duk Laraba haka ake yi. Ta tagar kicin ta hango shi: dogo, siriri, kansa a sunkuye. Bahago suke ce masa. Tsohon ɗalibin Auta ne, an ɗaure shi kan fasa shago, aka sake shi bisa sharaɗi wata goma sha huɗu da suka wuce. Saura shekara biyu da rabi a kansa, kuma duk ƙorafin da aka kai caji ofis da sunansa zai mayar da shi ya ƙarasa su. Bai taɓa tsallako bakin ƙofar ba. Ya zaro wani ɗan ƙunshin takarda, ya miƙa da hagu, Auta ya jefa a aljihun gaba. Suka yi magana ƙasa-ƙasa kamar ta minti uku.

Mama ta san wannan naɗin. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin magani na asibiti, kuma kafin zuwan ledoji haka suke ƙunshe garin magani, a naɗe uku a cusa bakin a ciki. Haka kuma masu sayar da ƙwaya a lungu suke ƙunshe nasu. Sau ɗaya ta taɓa tambaya. Auta ya yi dariya ya ce aikin gida ne ɗalibi yake kawo wa malaminsa. Ba ta sake tambaya ba, amma ba ta daina tsayawa a tagar ba.

Takwas saura kwata ya tada babur, ya kai bakin layi, ya dawo ɗaukar hular kwano. Ƙarfe ɗaya ya kira ta daga wurin aiki yana tambaya ko ta sha maganin hawan jininta. Ta ce masa ranar da ya fara tuna wa mai haɗa magani lokacin shan magani, ranar za ta fara koya masa saka zare a allura. Ƙarfe huɗu yake tashi daga aiki, huɗu da rabi yana gida. Ƙarfe biyar ta leƙa layi. Biyar da minti ashirin wata nas da suka taɓa aiki tare ta kira ta, ta ce ta zo, kuma kada ta zo ita kaɗai.

Tirela ce ta ja shi a shataletalen kasuwar gwanjo. Kafin Mama ta isa an riga an ja masa zane.

Abu uku ta riƙe daga wannan yammacin, don kanta haka yake aiki ko a cikin tashin hankali. Kasuwar gwanjo ba ta kan hanyarsa. Sai ya wuce gida da nisa kafin ya kai ta. Babu wayarsa, babu agogonsa. Kuma nas ta ce wani dogon mutum ne ya shigo da shi a saɓe, jini har gwiwar hannu, da aka tambaye shi suna don a cike takarda sai ya ce bari ya wanke hannu, daga nan ba a sake ganinsa ba.

Auta shi ne na biyu kuma na ƙarshe. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya mahaifinsa ya rasu, yayarsa tana makarantar kwana, suka zama daga shi sai Mama a gidan. Akwai wani baƙin keken ɗinki na ƙafa da ta saya da albashinta na farko, a kansa ya koyi ɗinki yana gyara mata labule. Da ya cika sha biyar ta ce ta bar masa. Ita likita ta so ya zama. Shi ya karanci saƙa da ɗinki, ya yi shekara uku yana yawon neman aiki, ya shiga aikin gidan yari don shi kaɗai ya samu. A shekarar farko kullum cewa yake zai bari. A ta uku ya daina faɗa.

Shekara huɗu kafin rasuwarsa aka tura shi kwas na mako uku a wata ƙasa mai sanyi. Ya dawo da rigar sanyi guda da labarin da bai ƙare ba har ya bar duniya. Ya ce ya ga gidan yari inda fursuna yake riƙe makullin ɗakinsa, yana girki da wuƙa, gandiroba yana cin abinci tare da shi a teburi ɗaya, kuma tun ranar shigarsa ake tambayarsa inda zai kwana ranar fitarsa. Ya ce a can ɗaya cikin biyar ne yake komawa. A wurin kwas ɗin ya haɗu da mutane daga ko'ina: wani ya ce su ƙasarsu ɗaurewa suke da yawa kuma da daɗewa, amma ƙofarsu ba ta hutawa da masu dawowa, wani ya ce su in fursuna ya karance littafi sai a rage masa kwanaki, wata mata ta ce su dattawan unguwa ne suke ɗaukar wanda aka saki, ya riƙa zuwa gidansu shan shayi ana jin yadda yake ciki.

Mama ba ta taɓa cewa ƙarya yake ba. Cewa take awon bai zo ɗaya ba. Ta karɓi takardun kwas ɗin ta karance su da fensir. Ta nuna masa cewa wata ƙasar shekara biyu take bin mutum bayan an sake shi, wata ƙasar kuma shekara biyar. Wata tana ƙirga duk wanda aka sake kamawa, wata sai wanda alƙali ya sake ɗaurewa. Wata kuma tana ɗaure mai tuƙi a buge na wata guda ta sa shi cikin lissafi, alhali irin wannan dama da wuya ya koma. "In wani ya auna da cokalin shayi, wani da na miya," ta ce, "ba za ka zo ka ce min ga wanda maganinsa ya fi aiki ba." Sannan ta juyo kan littafinsa. Ta ce shi fa waɗanda suka dawo gidan yarinsa kawai yake gani. Wanda aka ɗaure a wani gari, da wanda ya mutu, duk a littafinsa sun shiryu. Mako na zagayowa Auta ya ja sabon layi a littafin, ya rubuta a samansa: ban sani ba. Ba a jima ba wannan layin ya fi sauran cika, kuma ya fi damunsa fiye da na masu dawowa. Daga lokacin ya fara bin ɗalibansa bayan sun fita, duk da cewa dokar aikinsu ba ta yarda da hakan ba.

Kwana huɗu da binne shi, yayarsa, wadda kowa a gidan yake kira Yaya saboda shi, ta hau ɗakin ajiya na sama neman kujeru. Mama ta yi fiye da shekara ba ta hau ba saboda gwiwa. Yaya ta sauko ta ce, "Mama, ina keken?" Babu shi. Sai sawun ƙafafunsa huɗu a siminti.

A ranar ce kuma Mama ta buɗe durowar gefen gadon Auta ta tarar da gwangwanin biskit. Ƙunshin takardun nan ne a ciki, jere, kowane da kwanan wata da rubutun Auta. Ta ƙirga ba tare da ta taɓa ba: arba'in da ɗaya. Ta rufe gwangwanin, ta kai shi ƙasan akwatin zannuwanta, ba ta gaya wa kowa ba. Ta san abin da mutum yake nufi in ya ba gandiroba ƙunshi da safe yana kan hanyar shiga gidan yari. Ta kuma san ɗanta. Waɗannan sanin guda biyu suka ƙi zama wuri ɗaya a kanta.

Washegari da safe aka tsinci wayarsa a cikin leda, an turo ta ta ƙarƙashin ƙofa. Gilashin ya tsage, amma an goge ta tas.

Kawu, wan Mama, tsohon magatakardan kotu ne, kuma tun tana jami'a yake kiranta Kemis. Kwana biyu ya yi yana zagayen kasuwar gwanjo, ya dawo da takardar ƙorafi a buge, saura sa hannu.

"Kemis, na gan shi da idona. Keken yana rumfar ɓarawon nan Bahago, taku hamsin daga inda motar ta bi ta kan yaro. Har da ƙunar dutsen guga a gefen teburin."

"Wataƙila Auta ne ya ba shi."

"Da takarda? Yaron da yake rubuta har ranar da ya canza wa babur mai? Kin duba littafinsa?"

Ta duba. Shafi-shafi ta bi. Babu maganar keke ko ɗaya.

"To kin gani. Shi ya kai shi asibiti ya gudu. Shi ya riƙe waya kwana biyar. Agogo kuma ya yi fiffike. Ni ban ce shi ya tura shi ƙarƙashin mota ba, amma ban ce ba shi ba ne. Shekara talatin ina zaune ƙasan alƙali, Kemis. Fuskokin da na gani a farkon aikina su na gani a ƙarshensa, sai dai furfura. Wannan karatun na ƙasashen ƙanƙara a can ya dace. Sa hannu nan, gobe war haka yana ciki, keke yana gida."

Mama ta karanta takardar sau biyu. An rubuta cewa an sace keken daga gidanta. Ta ce ya bar ta a kan tebur.

"Har yaushe?"

"Har in gama karantawa."

"Layi bakwai ne fa!"

"Ina da jinkirin karatu," ta ce.

Ba tausayin Bahago ne ya tsayar da hannunta ba. Ko ɗigo ba ta ji. Gwangwanin ne. In aka kama mutumin zai yi magana, in ya yi magana sunan Auta zai fito, kuma ba ta san da wace kama zai fito ba. Kwana uku tana kewaya akwatin zannuwan kamar akwai maciji a ciki.

Rana ta huɗu da hantsi, bayan Yaya ta fita, ta share teburin cin abinci, ta ɗora farin faranti kusa da taga. Ta sa safar hannu, ta rufe hanci, ta ɗauko hantsakin da ta taho da shi daga wurin aiki. Ta warware ƙunshin farko yadda ake warware abin da ba a so ya tashi a iska.

Allura ce ta keken ɗinki, karyayya gida biyu, kai da tsini.

Na biyu ma haka. Na uku gida uku ta karye, duka ukun suna ciki, har wani ɗan ɓarɓashi da sai ta matso da farantin ta gan shi. Ba ta tsaya ba sai da ta buɗe arba'in da ɗayan, ta shinshina takardun, ta goga yatsa a naɗinsu ko za ta ga gari. Babu komai sai allura. Ta cire safar ta zauna. Nauyi ɗaya ya sauka. Amma allura ba ta faɗi wanda ya fitar da keke daga gidanta ba, ba ta kuma faɗi inda agogo yake ba.

Da azahar ta tari tasi ita kaɗai. Rumfar tana tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da tsofaffin labule, faɗinta bai wuce shimfiɗar mutum ɗaya ba. Tun daga nesa ta ji sautin keken, ta gane shi kafin ta gan shi, don yana da wani ɗan tsaiko a kowane juyi. Bahago yana ganinta ya miƙe zumbur, ya mayar da hannuwansa baya, ya kafa ido a ƙasa.

"Mama..."

"Kada ka ce min Mama."

"Ranki ya daɗe."

Ya turo mata kujerarsa. Ba ta zauna ba. Ta ciro ƙunshi ɗaya ta ajiye a kan teburin keken.

"Mene ne wannan?"

"Allura ce, ranki ya daɗe."

"Na ga allura ce, ina da ido. Me ya sa kake kai wa ɗana shara duk Laraba?"

Ya ce a gidan yari, in allura ta karye ba a ba ka wata sai ka kawo gutsattsarin duka. In tsinin ya ɓata, ba mai fita daga ajin. A tuɓe kowa, a bi ƙasa da maganaɗisu, ko da za a wuni. Shekara huɗu ya yi a haka. Da ya fito, ranar da allurarsa ta farko ta karye, ya ɗauka zai jefar sai hannunsa ya ƙi. Ya kwana da ita a aljihu, da safe ya kai wa Malam.

"Ya yi min dariya har da riƙe ciki. Sai kuma ya ce, to ci gaba da kawowa, duk Laraba, in riƙa ganin fuskarka."

"Duk mako allura take karye maka? Wane irin tela ne kai?"

Ya ɗan ɗago. "Wani makon ba ta karyewa. Sai in karya."

Mama ta kau da kai ta dubi labulen maƙwabcinsa na ɗan lokaci. Sannan ta ce, "Keken fa?"

"Shi ya kawo min, wata goma ke nan. Ranar kin je asibiti duba gwiwa. Ya ce kada in faɗa, in aka ji a wurin aiki za a kore shi. Ya ce ke ma zai gaya miki da kansa in ya ga fuska."

"Wa ya gani?"

"Mai a-kori-kurar da ya ɗauko. Ban san shi ba."

"Ba shakka. Takarda fa?"

"Babu."

"Me ya kawo shi nan ranar Laraba?"

Mai gyaran takalmi ya daina buga ƙusa yana kasa kunne.

"Ni na ce ya zo. Keken yana tsallake ɗinki, na gaya masa da safe a ƙofarku. Ya ce in ya tashi zai biyo ya duba. Ina nan zaune na ji ƙarar. Da ban faɗa masa ba..." Bai ƙarasa ba.

Ta lura cewa ba ta da hanyar sanin wannan in da bai faɗa ba, kuma faɗin bai amfane shi da komai ba. Ta kuma lura cewa mutum mai wayo ya san amfanin irin wannan maganar.

"Ka kai shi asibiti ka gudu."

"Suna suka tambaye ni, ranki ya daɗe. Ga jini a jikina, ga gandiroba a kwance. In suka buga sunana, me zai fito?"

"Wayar?"

"A aljihuna na same ta, ban san sanda na ɗauka ba. Kullum in zo bakin layinku in ga mutane in juya."

"Agogon?"

"Ban ga agogo ba."

Ƙasa yake kallo. A tagar ɗakin magani ta ga masu kawo takardar likita ta jabu suna kallon ƙasa, ta kuma ga masu gaskiya da tsoro ya kama suna kallon ƙasa, kuma a shekara talatin da ɗaya ba ta sami hanyar raba su da ido ba. Ta dubi wuyan hannunsa, babu komai. Ta dubi katakon da yake jera kaya: zare, alli, almakashin 'yan hagu mai jan hannu, wando uku a ninke da sunayen masu su a maƙale.

"Yayana ya rubuta takarda a kanka," ta ce. "Saura in sa hannu."

"Na sani. Ya zo nan sau biyu yana taya labule."

"Kuma ba ka gudu ba?"

"In na gudu ai na karya sharaɗi. In na zauna ma ga shi." Ya buɗe hannuwa. "Sai dai in an zo, don Allah a bar ni in miƙa wa mutane wandunansu."

Ta ɗauki ƙunshinta ta fita ba sallama. A bakin titi ta tsaya ta dubi shataletalen. An riga an wanke wurin.

Kawu yana zaune a falo da ta dawo, takardar tana gabansa da biro a kai. Ta gaya masa inda ta je. Ya dafe kai.

"Ke kaɗai? Wurin ɓarawo? Kemis, karatun naki ya fara juyewa. To me ya ce, waliyyin?"

Ta gaya masa duka, har da gwangwanin.

"Allura! Ai ko ni zan iya tara miki allura buhu guda. Shi ke nan ya wanke kansa?"

"Bai wanke ba."

"To sa hannu."

"Takardar ta ce an sace. Ban san an sace ba."

"Kin san an ba shi?"

"Ban sani ba."

"To wanne za ki ɗauka?"

Ta jawo farar takarda ta zauna. Ba ta rubuta cewa Auta ya ba shi ba, don ba ta gani ba. Ta rubuta cewa ita, wadda ta sayi keken, ta ba wa wannan mutum shi kyauta daga yau, kuma babu mai tuhumarsa a kansa. Kawu yana leƙe ta kafaɗarta.

"In ya sayar gobe fa?"

"Ya sayar da nasa."

"In shi ya zare agogon daga hannun ɗanki yana kwance a kwalta fa? Kin yi tunanin wannan?"

Ta ajiye biron. Ta yi tunaninsa fiye da yadda Kawu zai taɓa yi. Ta ga hannun hagun yana kwance maɗaurin, ta gani sarai kamar tana wurin.

"Na yi," ta ce. "Amma shekara biyu da rabi ba a ba mutum su a kan wataƙila. Ko ƙwayar ciwon kai ban taɓa bayarwa a kan wataƙila ba."

Ta nemi ya sa hannu a matsayin shaida. Ya ce ko da wuƙa a wuya. Ya dai karɓi takardar yana tsaki, ya gyara mata kalma biyu, ya ce in za a yi shirme a yi shi yadda kotu za ta karɓa. Ya ninke tasa ya sa a aljihu ya fita, ya yi wata guda bai taka gidan ba. Yaya ce ta sa hannu.

Kayan Auta ba su da yawa. Kaki uku da takalmin aiki aka mayar ofishinsu. Mai kula da sito ya ce saura bel, Mama ta samo shi a bayan ƙofa ta aika. Babur ɗin wani makanike ya ɗauka don ya ciri abin da ya rage. Yaya ta raba tufafinsa tsakanin 'ya'yan Kawu, ta riƙe rigar sanyin. Baƙin littafin Mama ta kai wa shugaban gidan yarin da kanta. Ya juya shafi biyu ya ce ba su da fayil na irin wannan, sai sabon malamin ɗinki, wanda yake tsaye a wurin, ya ce a ba shi. Alluran ta zuba su a kwalba mai murfi ta kai asibiti, aka haɗa su da alluran da aka yi amfani da su aka ƙona. Wayar tana durowa, ba a gyara gilashin ba. Agogon bai fito ba.

Takardar kyautar Yaya ce ta kai rumfar, tare da 'yar kwalbar man keke, da gwangwanin kwarkwaron zare, da ƙaramin sukudireban da suka samu a ɗakin ajiya. Mama ta riƙe kwafi ɗaya. Ta kuma ce wa Yaya kafin ta taho ta duƙa ta kwafo mata lambar da ke jikin ƙarfen keken, ta karanta sau biyu kada ta yi kuskure. Lambar tana cikin jakar da Mama take ajiye takardun gida.